Daga Shafin Mujalla Zuwa Ledar Maganin Iya

Ƙannena masu karatun harhaɗa magunguna, da ku da kuka sauke karatun kuka fara koyarwa, kuna kwana kuna tashi da zancen muƙala da ƙarin girma, da ku nake.

Kwanakin baya wani yaro da na sani tun yana aji biyu a jami'a ya miƙo mini wayarsa, baki har kunne. Shafinsa na Google Scholar ne ya buɗe. Ya ce, "Malam, duba, an fara ambatona." Na duba, na taya shi murna, kuma har zuciyata na yi murnar, domin na san daren da ya raba a kan waɗannan rubuce-rubuce. Sai na tambaye shi wacce ce a cikinsu ta sa wani mai kemis ya sauya yadda yake sallamar mutane. Ya yi dariya, ya sosa ƙeya, ya mai da wayar aljihu. Ban yi tambayar don in kunyata shi ba. Ni ma an taɓa yi mini irinta ina matashi, kuma na daɗe ina jin haushin wanda ya yi ta kafin na gane gata ya yi mini.

Saboda shi da irinsa nake so in ba ku labarin wata malamar jami'a 'yar Amurka, Linda Strand, da mutanen da ta yi aiki da su. Duk wanda ya zauna a ajin kula da majinyaci a tsangayar magunguna, a Zariya ne ko a wani gari, ya ci karo da sunanta ko da bai riƙe ba.

Sai kun san yadda sana'ar take kafin zuwanta za ku gane nauyin abin da ta yi. Ƙa'idar aiki da ƙungiyar masana magunguna ta Amurka ta fitar a 1952 ta hana mai harhaɗa magani tattauna amfanin maganin ko abin da ke cikinsa da majinyaci. Idan an tambaye shi, ya tura mutum wurin likita. Sai a 1969 aka cire wannan sharaɗi. Aikin mutum mai digiri ya zama ƙirga ƙwaya, zubawa a kwalba, liƙa takarda, karɓar kuɗi. A tsakiyar shekarun 1960 wasu suka fara shiga ɗakunan kwanciya a asibiti suna zagaye da likitoci, amma ko su ɗin hankalinsu ya fi karkata ga maganin kansa, yadda yake shiga jini da yadda yake fita, fiye da mutumin da ke kwance.

A watan Maris na 1990 Strand da wani farfesa na Jami'ar Florida, Douglas Hepler, suka wallafa muƙala a mujallar masana magunguna na asibitocin Amurka, bayan an gabatar da ita a wani taro a Williamsburg a 1989. Abin da suka ce a taƙaice shi ne: wanda ya miƙa magani ya ɗauki amanar sakamakonsa. Bai isa a ce an ba da ƙwaya daidai da rubutun likita ba. Sai an bibiya an ga ko ciwon ya lafa, ko rayuwar mutumin ta gyaru. Sunan da suka yi amfani da shi, wanda za mu iya kira kulawar magani, ba su ne suka ƙirƙire shi ba, an yi amfani da shi tun 1975. Abin da suka ƙara shi ne ɗora alhaki a wuyan mutum guda mai suna, da kuma zayyana hanyoyi takwas da magani ke kuskure wa majinyaci: ciwo yana nan ba a ba shi magani ba, ko an zaɓi wanda bai dace ba, ko awon ya yi kaɗan, ko ya yi yawa, ko mutum bai samu maganin ba sam, ko ya yi masa illa, ko ya yi karo da wani maganin, ko kuma yana shan abin da babu ciwon da ake sha dominsa.

Ku karanta waɗannan takwas ɗin, sannan ku je gida ku roƙi iya ko gwaggo ta zazzage muku baƙar ledar nan da take ajiyewa ƙarƙashin matashi. Za ku tarar da maganin hawan jini iri ɗaya cikin kwali biyu masu suna daban, ɗaya daga asibitin gwamnati ɗaya daga na kuɗi, tana shan duka biyun domin a ganinta magunguna biyu ne. Za ku ga diklofenak da take saya a kemis saboda ciwon gwiwa, wanda ke iya tayar da jinin da ake ƙoƙarin saukarwa, ya taɓa ƙoda, ya tayar da gyambon ciki. Za ku ga wani da ta daina sha tun ranar da ciwon kai ya tafi. Ga kuma jiƙon da maƙwabciya ta kawo a robar lemo. Muƙalar da aka rubuta a Amurka shekara talatin da wani abu baya ta siffanta wannan leda kamar marubutan sun leƙa ciki. Dalilin da ya sa ta yi tsawon rai ke nan, ba don iya Turancin masu ita ba.

Muƙalar ta yi suna nan da nan. Taron da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kira a Tokyo a 1993 kan matsayin masanin magunguna ya rungumi ra'ayin, masana a Turai suka kafa tasu ƙungiyar bincike a kansa a 1994, kuma a 1997 aka haɗa Hepler da Strand aka ba su lambar Remington, wadda ita ce mafi daraja a sana'ar a Amurka. Da irin wasunmu ne, nan za a shimfiɗa tabarma: gayyatar taro, tikitin jirgi, maimaita jawabi ɗaya a birni goma.

Strand ta koma Jami'ar Minnesota, ta shiga aikin da ba shi da ƙyalli. Tambayar da ta tsaya mata ita ce, idan mai kantin magani ya yarda da duk abin da aka rubuta, gobe da safe da ya buɗe ƙofa me zai yi wanda bai yi jiya ba? Ra'ayi kawai ba ya amsa wannan.

Nan ne nake so ku buɗe ido, domin zaɓin abokan aikinta shi ne darasin da ya fi tsaya mini. Ɗaya shi ne Robert Cipolle, masanin magunguna na gefen gadon majinyaci, wanda ya ƙware a lissafin awon magani a jikin mutum. Ɗayan kuwa, Peter Morley, ba mai harhaɗa magani ba ne. Fanninsa nazarin al'adun mutane ne da yadda suke fahimtar ciwo da waraka. Su ukun sun fara rubutu tare tun kafin muƙalar 1990, domin a 1988 sun fitar da tsarin yadda masanin magunguna zai riƙa bin majinyaci daki-daki yana rubuta abin da ya gani da abin da ya yanke, suka kuma ci gaba tare fiye da shekara ashirin.

Me masanin al'ada yake nema a kantin magani? Ku tambayi kanku me ya sa magidanci yake ɓoye maganin hawan jini a aljihun mota ya daina sha. Ya ji a majalisa cewa yana rage ƙarfin namiji, kuma ba zai taɓa faɗa wa yarinya sa'ar 'yarsa da ke bayan kanta ba. Me ya sa tsoho yake raina ƙwaya ya ce sai allura? Me ya sa mai ciwon suga yake tattara na safe da na rana ya haɗiye gaba ɗaya da sahur? Babu ɗaya daga cikin waɗannan da littafin sinadarai zai gaya muku. Tawagar Minnesota ta mai da abin da majinyaci ya taɓa gani, da abin da yake tsoro, da abin da yake fata game da magani ya zama wurin da ake fara hira, kafin a taɓa kwali. Ina da yaƙinin cewa da su ukun duk 'yan fanni ɗaya ne, da sun fito da tsari mai tsafta wanda majinyaci ba zai gane kansa a ciki ba. Mu kuwa, idan za mu haɗa tawagar bincike, sai mu kira abokin ajinmu da maƙwabcin ofis, mutanen da suka san abin da muka sani kuma suka jahilci abin da muka jahilta. Sashen nazarin zamantakewa yana nan tafiyar minti biyar, sashen Hausa ma haka, ba mu taɓa taka ƙafa ba.

Daga 1992 zuwa 1995 suka gwada tsarin a kantunan magani 20 na cikin gari a jihar Minnesota, da masu sana'a na gaske masu biyan haya da albashin yara. Abin da ya fito fili shi ne niyya ba ta isa. Ana buƙatar wurin zama inda na bayan layi ba zai ji sirrin mutum ba. Ana buƙatar wani ya ɗauke wa masanin ƙirgar ƙwaya. Ana buƙatar rubutu, domin abin da ba a rubuta ba ba a iya bibiyarsa. Uwa uba, ana buƙatar wanda zai biya kuɗin wannan zama, tunda ribar kanti a kan kwalin da aka sayar take, kuma wani lokaci mafi alherin shawara ita ce a ce wa mutum ya daina sayen wani abu. Daga wannan gwaji suka tace tambayoyi huɗu da ake yi wa kowane magani, a jere ba a tsallake: akwai dalilin shansa, yana aiki, ba ya cutarwa, kuma mutumin yana iya shansa yadda aka ce? Ku lura da jerin. Zargin majinyaci da ƙin shan magani shi ne na ƙarshe, bayan an tabbatar maganin ya cancanci a sha. Mu da shi muke farawa.

Littafinsu ya fito a 1998, suka sake shi a 2004 da 2012, kowane bugu da abin da aka koya daga majinyatan da aka gani a tsakani. Majalisar Amurka ta yi doka a 2003 wadda ta sa bibiyar magungunan tsofaffi masu cututtuka da yawa cikin inshorar gwamnati, ta fara aiki a 2006. Jihar Minnesota ta yi tata a 2005, ta yarda a biya masanin magunguna kuɗin wannan aiki ga masu ƙaramin ƙarfi. Ku ƙirga: daga 1990 zuwa 2006 shekara 16 ke nan. Wanda ya shiga firamare shekarar da muƙalar ta fito ya isa kammala jami'a kafin ta zama abin da gwamnati ke biya. Kuma har yau a Amurkan, yawancin masu shiga kantin magani karɓa kawai suke yi su fita. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, wani lokaci ma gudun ya fi naman yawa.

To, ina matsayin lambobin nan da ke cikin waya? Ba na raina su. Eugene Garfield ya ƙirƙiro ƙidayar ambato don a san wace mujalla ake karantawa, wani masanin fiziya kuma, Jorge Hirsch, ya kawo ma'aunin nan mai harafin h a 2005: idan naka 10 ne, kana da muƙala goma da aka ambaci kowacce aƙalla sau goma. Abin da yake aunawa shi ne yawan marubutan da suka tuna da kai lokacin da suke rubutu. Bai san iya ba, bai san ledarta ba. Har masana da editoci sai da suka taru a San Francisco a 2012 suka fitar da sanarwa cewa a daina auna mutum da darajar mujallar da ya yi rubutu a ciki. Na sani kwamitin ƙarin girma zai ƙirga muku muƙalu, kuma ba zan ce ku zauna a mataki ɗaya har furfura don tsarkin zuciya ba. Ku rubuta. Amma ku bar rabon takardar tambayoyi ga ɗaliban ajinku kuna auna "saninsu da ra'ayinsu" a kan abin da an riga an auna sau ba adadi. Irin wannan bincike yana cika takardar neman girma, ba ya motsa ko kwali ɗaya a kan kanta.

Akwai kuma wani abu da shafin waya ba ya koya wa mutum, wato jure sakamakon da bai so ba. A 2005 aka wallafa wani gwaji daga gabashin Ingila, inda aka raba tsofaffi 872 masu shekara 80 zuwa sama, waɗanda aka sallamo daga asibiti, gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rukuni ɗaya masana magunguna suka riƙa bin su har gida suna duba magungunansu. Kowa ya zaci za a ga raguwar komawa asibiti. Sai aka ga waɗanda aka ziyarta sun fi komawa da kusan kashi 30 cikin ɗari. Masu binciken ba su ɓoye a aljihun tebur ba, suka buga shi yadda ya zo, kuma ya tilasta wa sana'ar ta sake tambayar kanta wane irin zama da majinyaci ne ke amfani, da kuma yaya alaƙar mai ziyarar take da likitan da ke rubuta maganin. Ni a wurina waɗannan mutane sun yi wa sana'ar hidima fiye da masu muƙala hamsin da duk suka ƙare da cewa mu masu amfani ne.

Ku ajiye wannan kusa da wani gwajin da aka wallafa a 2018, wanda wani likitan zuciya, Ronald Victor, ya jagoranta a Los Angeles. Baƙaƙen fata maza a Amurka hawan jini yana yi musu ɓarna, kuma ba su cika zuwa asibiti ba, amma ba sa fashin aski. Sai aka shiga shagunan aski 52, aka ɗauki mutum 319 masu hawan jini. A wasu shagunan mai aski yana ba da shawara ne kawai a je a ga likita. A sauran kuwa masanin magunguna yana zuwa shagon da kansa, ya auna jini, ya rubuta magani bisa yarjejeniya da likitocin mutanen, ya duba jininsu don kiyaye ƙoda. Bayan wata shida awon sama ya sauka da maki 27 a rukuni na biyu, a na farko kuwa da kusan 9. Mai aski ya kawo amana, masanin magunguna ya kawo ilimin awo da naci, likita ya kawo izini. Cire ɗaya, aikin ya rushe. Duk Bahaushen da ya karanta wannan zai tuna da wanzami, wanda ke shiga gidan da likita bai taɓa shiga ba, ranar suna da ranar kaciya, kuma ana jin maganarsa. Ban ce a kwafo gwajin Los Angeles a dasa a Kano ba; dokokinmu da aljihun mutanenmu daban ne. Na ce ku tambayi kanku a ina mazan unguwarku suke zama su saki jiki, kuma wa suke yarda da shi.

Sai dai haɗin gwiwa suna ne da ake fakewa da shi a yi abubuwa marasa kyau, kuma gara ku ji daga bakina. Akwai "sa sunana in sa naka", inda mutum biyar kowa ya rubuta ɗaya a wayi gari kowa yana da biyar. Akwai babban da bai karanta ko shafin farko ba amma sunansa ne a gaba, yaron da ya sha rana yana tattara bayanai kuwa an tura shi layin godiya. Na ga wannan da idona a wani wuri da na yi aiki, na kuma yi shiru lokacin da ya kamata in yi magana, abin yana damuna har yau. Ƙa'idar da editocin mujallun likitanci suka shimfiɗa a fili take: marubuci shi ne wanda ya sa hannu a tsara aikin ko tattara bayanai ko fassara su, ya shiga rubutun, ya amince da shi, kuma ya yarda a tuhume shi idan an sami kuskure. Ku yi maganar jerin sunaye ranar farko, da shayi a gabanku, tun ba a sami abin faɗa a kai ba.

Idan kuma baƙi ne daga waje suka zo da kuɗi, ku karɓe su hannu biyu, domin akwai na kirki da yawa kuma akwai abin koyo a wurinsu. Amma ku tambaya: wa ya zaɓi tambayar binciken, a ina bayanan za su zauna, kuma me zai rage a garin bayan jirginsu ya tashi? Mutanen Kano ba su manta 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200. Shari'a kan ko iyaye sun san abin da suka amince da shi ta ɗauki shekaru, kuma rashin yardar da abin ya bari ya taimaka wajen ƙin rigakafin shan inna a 2003. Kai ɗan gari, kai ne za ka ci gaba da haɗuwa da iyayen a masallaci da kasuwa. Takardar neman izini da aka rubuta da Turanci aka dangwala wa tsohuwa yatsa a kai ba izini ba ce. Ka zauna ka faɗa mata da Hausar da take ji, har da cewa tana da ikon ta ƙi.

Yaron nan mai waya ya dawo wurina bayan 'yan watanni. Ya sami wani mai kemis a unguwarsu, dattijo da ya fi shekara ashirin a bayan kanta, sun shirya duk ranar Alhamis bayan la'asar yana zuwa da na'urar awon jini da littafin rubutu mai bangon kwali. Ya jawo wata malama daga sashen nazarin zamantakewa, ita ce ke hira da mata a ɗakin ciki, wani likita a asibitin unguwar kuma ya yarda a riƙa turo masa waɗanda awonsu ya yi sama da 'yar takarda. Har yanzu suna jiran amincewar kwamitin ɗa'ar bincike kafin su fara tattara abin da za su wallafa, don haka shafinsa na waya bai ƙaru da komai ba. Ya ce mini abin da ya fi ba shi wuya shi ne shawo kan dattijon ya ajiye benci a bayan labule, saboda wurin nan ne yake jibge katan-katan na ruwan ƙarin jini da na gishiri. Makon jiya dai an kwashe katan ɗin, an sa bencin.